Kiltin Lurwanu

Ranar da Baraka ta fara ganin Lurwanu, muryar mahaifinta ta soma jiyowa tun daga bakin titi. Ta sauko da kwanon abincin rana, ta ratsa ta gaban masu tsire da masu turare na unguwar Mansur a Makka, ta tarar mahaifin nata Malam Garba tsaye a shagonsa na ɗinki yana nuna wani saurayi da almakashi.

"Na gaya maka ni telan maza ne. Jallabiya nake ɗinkawa. Ka kai siket ɗinka wurin mata."

Saurayin dogo ne, fari sol, amma sumarsa ta Hausawa ce. A kan tebur ya shimfiɗa wani zane mai nauyi na ulu, mai layi-layi kore da shuɗi. Gabansa a miƙe, bayansa kuwa duk ninki ne jere reras, ga igiyoyin fata da bakul a gefe.

"Baba, ba siket ba ne," in ji shi. Hausarsa tsaf take, sai dai harshen ya ɗan karkace. "Kilti sunansa. Maza ke ɗaurawa a Scotland, ƙasar mahaifina. Nasa ne, Allah Ya jiƙansa. A saman cibiya ake ɗaura shi, sai ya tsaya a kan gwiwa. Ni kuwa so nake in sauke shi ƙasa ya rufe mini gwiwa. In na sauke sai ya ƙi zama."

"Allah Ya jiƙansa. Amma halas, na gama magana."

Baraka ta ajiye kwanon. Ta shekara tana ɗinka abaya da kayan amare a gida, ba ta taɓa ganin ɗinkin hannu mai tsafta irin wannan ba. Ta shafa ninkin da yatsa. Da ta ɗago, idonta ya faɗa cikin na saurayin, ta ga sun yi ja kamar na mai haɗiye magana.

"Ni zan gyara," ta ce.

"Baraka!"

"Ai kai ka ce a kai wa mata, Baba. Ga mace."

Saurayin ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi, amma Baraka ta gani.

Washegari wata dattijuwa ta kawo kiltin gida a cikin jaka. Umma, mahaifiyar Baraka, na ganinta ta rungume ta.

"Kabira! Ashe ɗan Rukayya ne?"

A nan Baraka ta ji labarin. Rukayya ƙanwar Inna Kabira ce, a unguwar Nakkasa ta nan Makka aka haife ta. Wani Bature da ya musulunta, Dawud, ya zo aikin Hajji ya gan ta ya aure ta, ya tafi da ita Glasgow ta Scotland. A can ta haifi Lurwanu, ta shayar da shi Hausa tare da nono. Bara Dawud ya rasu. Yanzu Lurwanu ya samu aikin injiniya a Makka, yana zaune wurin innarsa a unguwar Aziziyya, inda suka koma bayan an rushe unguwarsu.

"Tun da uban ya musulunta bai sake ɗaura abin nan ba, saboda gwiwa," in ji Inna Kabira. "Uwarsa kuwa, kakar yaron, ta tsufa tukuf. Burinta ɗaya, ta ga jikanta a cikinsa kafin ta mutu, shi ya sa yake shirin tafiya Scotland wurinta. Shi kuma ya rantse ba zai buɗe al'aurarsa ba, ba kuma zai hana tsohuwa burinta ba."

Tun da ba dama ta auna shi da hannunta, sai awon ya koma waya.

"Assalamu alaikum, telata. Na samo tef. Ina zan ɗora shi?"

"Wa alaikumus salam. Inda kake so ya zauna, ba inda mahaifinka yake ɗaurawa ba. Ƙasan cibiya kaɗan, kan ƙashin ƙugu. Kada ka shanye ciki."

"Wa ya ce miki ina shanye ciki?"

"Duk maza suna yi. Ka saki numfashi ka sake aunawa. Sannan ka auna wurin da ya fi faɗi a ƙasa, sannan daga ƙugu zuwa ƙasan gwiwa. Kuma ka tanadi riga mai tsawo da za ta shige ciki, don kada ka rufe gwiwa ka buɗe cibiya."

"To, ranki ya daɗe. Na saki. Tef ɗin ya ƙaru, mutuncina ya ragu."

Baraka ta yi dariya har Umma ta leƙo daga kicin.

Aikin ya fi yadda ta zata wuya. An yanka kiltin ne don siririn wurin da ke saman cibiya, da aka sauke shi sai igiyoyin suka ƙi kai wa bakul. Ta cire bakul ɗin ta matsar, ta warware wani ɓoyayyen ninki da ta tarar a gefe ta ƙara faɗi. Ya gwada ya ce ya rufu, amma bayan yana bajewa kamar mafici. Ta zauna ta yi nazari, ta gane ɗinkin da ke riƙe saman ninkin ya sauka fiye da inda ya kamata, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗan warwarewa da reza, tana kaffa-kaffa kada ta yanka ulun.

Saƙonni kuwa suka daina tsayawa a kan awo.

"Telata, yau na yi ɗawafi bayan aiki. Na roƙa wa Ummina lafiya, na roƙa wa Babana rahama. Abu na uku da na roƙa ba zan faɗa ba."

"Baturen Nakkasa, ka riƙe sirrinka. Ni dai na ce amin."

"Ba ki san abin da kika ce wa amin ba."

"Na sani."

Ta tura, ta kife wayar a kan keken ɗinki, ta rufe fuska da tafukanta.

Akwai wanda bai ji daɗin wannan ɗinki ba. Majid ɗan aminin Malam Garba ne, haifaffen Makka, ga aiki mai kyau ga mota. Ya daɗe yana zuwa gaisuwa da kwalin dabino, iyayen biyu kuma sun riga sun fara magana ƙasa-ƙasa. Baraka ba ta taɓa ce masa e ba. Shi kuwa bai taɓa tambayarta ba, don a ganinsa an gama.

Ranar gwaji Baraka ta tafi Aziziyya tare da Umma. Ta zauna a falon mata, Lurwanu yana ɗaya ɗakin, Inna Kabira tana kai da komowa da fil a baki.

"Ya ce ya zauna daram!"

"Inna, ki ce ya zauna a kujera ya tashi. Ki ce ya yi ruku'u. Gwiwa ta fito?"

Daga bayan ƙofa muryarsa ta iso.

"Ba ta fito ba, Baraka. Wallahi ba ta fito ba. Ina ma Babana ya ga wannan."

Da za su tafi, Majid ne Malam Garba ya turo ya ɗauke su. Sun shiga mota ke nan Lurwanu ya sauko da sauri, kiltin a jikinsa, riƙe da tef ɗin da Baraka ta manta. Baraka ta gan shi a tsaye a bakin ƙofa, ninkin yana kaɗawa a bayansa, ta kasa ɗauke ido daga kansa. Ba ta lura Majid ya ɗaga waya ba.

Kafin la'asar ta washegari hoton ya zaga wayoyin Mansur. A ƙarƙashinsa an rubuta: "Sabuwar amaryar gidan Malam Garba." Masu shayi suna miƙa wa juna suna ƙyaƙyatawa. Wani ya tsaya a ƙofar shago ya tambayi Malam Garba ko yanzu yana karɓar ɗinkin siket.

Malam Garba ya shigo gida fuskarsa a murtuke.

"Daga yau babu ke babu yaron nan. Na yi wa mahaifin Majid alkawarinki."

"Ba ka tambaye ni ba, Baba."

"Yaushe aka fara tambayarki?"

"Tun ranar da addini ya ce a tambaye ni." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Ban taɓa saɓa maka ba. Amma wanda zai ɗauki hoton maraya ya yi masa ba'a da kayan ubansa, wallahi ba zan zauna a gidansa ba. Kuma Baba, garin nan wane namiji ne bai taɓa ɗaura zane ba? Kai da kanka kake koya wa alhazai ɗaurin harami a ƙofar shago."

"Kada ki haɗa mini harami da kayan Turawa!"

"Ban haɗa ba. Na ce dai zane bai taɓa rage wa namiji komai ba."

Umma ta ja hannunta. "Ya isa, ya binti, 'yata. Shiga ciki."

Baraka ta shiga, ta ɗauki waya. Babu saƙo. Washegari ma babu. Ta tura gaisuwa, aka karanta, ba a amsa ba. Kwanaki suka shuɗe tana ɗinka abaya tana farkewa, don layin ya ƙi miƙewa.

Majid ya zo da kwalin dabinonsa, ya same ta a bakin matattakala.

"Kin ji Baturenki ya yanki tikiti? Ki tambayi kowa a Aziziyya. Kin zaci don wa aka gyara siket ɗin? A can irin kayan da ango ke sawa ke nan. Kin yi wa wata Baturiya aiki."

"Majid, ɗauki dabinonka."

"Na'am?"

"Ka ɗauka ka tafi. Ko Lurwanu ya auri mata huɗu a can, kai dai ba ka cikin lissafina. In kana da ƙarfin hali ka je ka gaya wa Baba ni na ce."

Ta hau sama da ƙafafu masu ƙarfi, sai da ta rufe ƙofa hawayen suka zubo. Ta share, ta rubuta:

"Lurwanu, na tsaya a gaban mahaifina saboda kai. Na kori Majid saboda kaina. In aure za ka je yi, Allah Ya ba da zaman lafiya, amma ka faɗa mini da bakinka. Ban warware ninkin nan ɗaya bayan ɗaya don matsoraci ba."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Wane aure, Baraka? Tikitin zuwa wurin kakata ne, kin san da shi. Na yi shiru ne don na ga na jawo wa gidanku abin kunya. Na ce in na janye za a bar ki ki huta. Kullum sai na rubuta miki in goge."

"Wa ya ce maka hutu nake nema?"

"To me kike nema, telata?"

"Wanda ba ya ɓuya."

Sai ya rubuto:

"Ki gaya wa Baba gobe bayan la'asar ina tafe."

Bai zo a ɓoye ba. Ya ajiye mota tun daga farkon titin Mansur, ya tako da ƙafa, farar riga a sama, kiltin mahaifinsa a ƙasa, doguwar safa har gwiwa. A gefensa Kawu Yalwa ne, mijin Inna Kabira, yana dogara sanda. Masu tsire suka bar fifita wuta. Wani ya yi fito, wasu suka ɗaga waya. Lurwanu ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, har sai da suka ji kunya suka amsa.

Baraka ta riga ta sauko, tana tsaye a lungun shagon bayan jallabiyoyin da aka rataye. Mahaifinta ya gan ta, bai ce ta fita ba.

Kawu Yalwa ya yi gaisuwa ya gabatar da abin da ya kawo su. Lurwanu ya durƙusa.

"Baba, na zo a cikin abin da aka yi mini dariya da shi, don ka gan ni yadda nake. Rabina na can ne, rabina na Nakkasa. Ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Ina son Baraka da aure."

Idon Malam Garba na kan kiltin.

"Tashi tsaye," ya ce.

Lurwanu ya miƙe.

"Juya."

Ya juya. Malam Garba ya tsuke baki, ya karkata kai hagu, ya karkata dama.

"Wa ya ɗinka wannan bakul ɗin? Gefen hagu ya fi na dama sauka. Dubi layin, ya karkace. Baraka, haka na koya miki?"

"Ban auna da hannuna ba, Baba."

"Shi ya sa." Ya zaro tef daga wuyansa, ya ɗebi fil ya sa a baki, ya durƙusa a gaban saurayin da ya kora. "Tsaya daidai. Kada ka shanye ciki. Ƙugunka ɗaya ya fi ɗaya tudu, kowa haka yake. In za a sauke abu ƙasa, sai an bi ƙashi."

Ya ja nan, ya soka fil can, ya ɗaga ninkin ya duba cikinsa ya daɗe yana kallo.

"Wanda ya ɗinka wannan ya san aiki," ya faɗa a hankali. Bai ɗago ba ya ci gaba. "Na san uwarka. Ina saurayi aka tafi da ita. Kakarka ta Nakkasa har ta rasu tana kallon hanya. Ni 'ya ɗaya gare ni mace. Ba zanenka ne ya dame ni ba, yaro. Jirgi ne."

Baraka ta toshe bakinta da mayafi. Ba ta taɓa jin muryar mahaifinta ta karye haka ba.

"Baba," in ji Lurwanu, "na tashi ina ganin Ummina tana kuka duk lokacin da aka nuno Harami a talabijin. Ba zan sa wata ta yi irin kukan ba. Na dawo ne in zauna. Ita ma Ummina tana shirin dawowa. Za mu riƙa zuwa can ziyara, amma gidanmu a nan yake, inda za ka iya takowa da ƙafa ka sha shayi."

Malam Garba ya cire fil na ƙarshe daga bakinsa ya soka. Ya dafa tebur ya miƙe, ya juya wajen jallabiyoyin.

"Ke mai bakin tsiya, fito. Shi kike so?"

Ta fito, ta dubi mahaifinta ido cikin ido.

"Shi nake so, Baba."

"To." Ya share gumi da hannun riga. "Zan je in ba mahaifin Majid haƙuri, nauyina ne. Kai kuma shiga ciki ka cire, ka sa jallabiya, ka bar mini shi. Ba za a ce abu ya fita daga gidan Garba a karkace ba."

Lurwanu bai yi tafiyar ba, sai ya mayar da tikitin ya zama na kakarsa da mahaifiyarsa. Aka ɗaura aure a Makka bayan sallar Juma'a, ango cikin farar jallabiyar da surukinsa ya ɗinka. Da aka zo maganar walima, aka tuna tsohuwa ba musulma ba ce, ba za ta shiga Makka ba. Malam Garba ne ya yanke magana.

"A kai walimar Jidda. Matar da ta haifi uban angon ba za ta ga biki a waya ba."

Haka motocin Mansur da na Aziziyya suka yi jerin gwano zuwa wani gidan biki kusa da teku. Hajiya Rukayya ta turo surukarta a keken guragu, 'yar tsohuwa mai farin gashi da idanu shuɗɗa. Da Lurwanu ya shigo cikin kiltin, tsohuwar ta miƙa hannu biyu. Ya durƙusa a gabanta. Ta shafa ulun, ta shafa fuskarsa, ta kira sunan ɗanta na yarinta tana kuka tana dariya. Sannan ta nemi a kawo mata amarya, ta riƙe yatsun Baraka ta sumbace su ɗaya bayan ɗaya, ta yi wata magana.

"Me ta ce?" Baraka ta tambaya a hankali.

"Ta ce in na ɓata miki rai, ki kira ta, ita za ta yi maganina."

"Ka gaya mata na riƙe lambarta."

Umma ta rangaɗa guɗa, matan Hijaz suka amsa da tasu. Malam Garba ya haɗa hannun 'yarsa da na Lurwanu a cikin tafukansa masu kanta.

"Na ba ka ita da bakinta da taurin kanta, ban rage komai ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa albarka a kanku, Ya haɗa ku cikin alheri. Allah Ya jiƙan Dawud, Ya ba ku zuriya mai tsoronSa."

Jama'a suka ɗauka da amin. Tsohuwar ta dubi bakin Hajiya Rukayya, ta kwaikwaya a hankali, ita ma ta ce amin.